Wai mu muka kawo mage gida ko ita ta kawo kanta?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga masana tarihi da malamanmu da ke cikin nan. Duk dabbar da muke kiwo akwai dalilin da yasa ɗan adam ya kamo ta, saniya nono da huɗa, jaki kaya, kaza ƙwai da nama, kare gadi da farauta, kuma kowacce da turkenta ko akurkinta. To mage fa? mu dai ba ma cin ta, ba ta ɗaukar kaya, ba ta jin umarni, in ta ga dama ta yi tafiyarta sai ta bushi iska ta dawo, amma kusan duk duniya tana cikin gidajen mutane. Tun yaushe aka fara wannan zaman kuma a ina? Sannan me yasa wasu ke sonta kamar 'ya'yansu wasu kuma in sun ga baƙa da daddare sai jifa da a'uziyya. Mai sani ya taimaka don Allah, banda zagi.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Amsar a taƙaice ita ta kawo kanta, rumbu ne ya haɗa mu. Kimanin shekara 10,000 da suka wuce mutanen yankin da yanzu ya haɗa Iraƙi, Siriya, Falasɗinu, Jodan da kudancin Turkiyya suka fara zama wuri ɗaya suna noma alkama da sha'ir suna ajiyewa, to inda duk aka tara hatsi ɓera zai zo, inda ɓera ya taru kuma magen daji za ta biyo shi. Manomi ya duba ya ga wannan dabbar ba ta taɓa hatsinsa, abin da ke cin hatsin take ci, sai ya ƙyale ta. Waɗanda ba su cika tsoron mutum ba a cikinsu su suka fi samun abinci suka fi hayayyafa a gefen ƙauye, a hankali a hankali jikokinsu suka shigo tsakar gida. Babu wanda ya yi mata turke.

Tsohuwar shaida da aka fi kafa hujja da ita a tsibirin Saifurus na tekun Bahar Rum take, wani wuri da ake kira Shillourokambos. Masu haƙa kayan tarihi 'yan Faransa ƙarƙashin Jean-Denis Vigne suka sanar a 2004 cewa sun samu kabarin mutum mai shekara kusan 9,500, an binne shi da gogaggun duwatsu da bawon dodon koɗi na teku, sai ga ƙasusuwan mage 'yar wata takwas a kwance a gefensa, tazarar santimita 40 kacal. Abin da ya ba wa wannan nauyi shine tsibirin babu mage a cikinsa tun asali, kenan wani ne ya saka ta a kwalekwale ya ƙetaro teku da ita.

Bakatsine:
Malam ni fa tun muna makaranta abin da na sani Fir'aunonin Masar ne suka fara kiwon mage, yanzu kuma kace Saifurus? wanne zamu ɗauka

Malamin Tarihi:
Duka biyun suna da gurbi ɗan'uwa. Kabarin Saifurus ya girmi zanen maguna na Masar da dubban shekaru, amma a Masar ne mage ta zama 'yar gida sosai har ana zana ta a ƙarƙashin kujerar uwargida, kuma daga can ta bazu da yawa ta jiragen ruwa. Binciken ƙwayoyin halitta da Carlos Driscoll ya jagoranta a 2007 ya duba maguna 979 na gida da na daji, ya nuna duk magen gida a duniya, daga ta lungun Fagge har mai dogon gashin nan da ake sayarwa da tsada, asalinsu ɗaya ne, magen dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya. Kuma wannan magen dajin har yau tana nan a dazukan Sahel ɗinmu, in ka ganta da ƙyar ka bambance ta da ta gida sai dai ta fi tsawon ƙafa.

Ɗalibi a Zagazig:
Slm. Ni a nan nake karatu kuma Tal Basta tana gefen garin nan, da tasi ma zaka je. Nan ne tsohon birnin Bubastis inda suke da ɗakin bautar Bastet, gunkin da suke sassaƙawa da jikin mace da kan mage. Yanzu duwatsu ne a zube a fili wasu da rubutu a jiki, kuma wlh maguna na nan suna kwance a kansu suna shan hantsi. Herodotus, marubucin tarihi na Girka ta dā, ya rubuta cewa in mage ta mutu a gida mutanen gidan aske girarsu suke yi don makoki. Wani marubucin kuma Diodorus wanda ya zo Masar wajen shekara 60 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya ce a idonsa wani Barume ya kashe mage ba da gangan ba, jama'a suka yi wa gidansa ƙawanya, sarki ya turo fadawansa su roƙa amma basu iya cetonsa ba.

Maman Ilham:
Ikon Allah, ashe dai can sun san darajarta ba kamar mu ba

Ɗalibi a Zagazig:
Anti kar ki yi saurin yabonsu. Abin ya zama kasuwa daga baya. Masu zuwa ziyara suna sayen gawar mage da aka naɗe da likkafani su miƙa wa gunkin, sai masu kula da wurin suka koma kiwonsu musamman don haka. Da aka saka gawarwakin a na'urar hoton ƙashi an ga da yawa ƙanana ne basu gama girma ba kuma an karya musu wuya. A 1888 wani manomi a Beni Hasan ya faɗa kan maƙabartarsu, aka kwashe kimanin 180,000, nauyin tan 19, aka kai Libaful a Ingila aka yi gwanjonsu a 1890 aka niƙa aka yi taki. Ni wannan labarin har yanzu in na tuna shi sai raina ya ɓaci, ta farko an kashe su da sunan bauta ta biyu an zuba su a gona.

Alaramma na Damagaram:
Assalamu alaikum. Shi yasa nake cewa Musulunci ne ya ajiye ta a inda ya dace, bai ce a bauta mata ba bai ce a wulaƙanta ta ba. Hadisi ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Abu Dawuda da Tirmizi, Kabsha 'yar Ka'abu bin Malik ta ce surukinta Abu Ƙatada ya shigo wurinta ta zuba masa ruwan alwala, sai mage ta zo zata sha, sai ya karkata mata ƙwaryar har ta ƙoshi. Ya ga tana kallonsa sai ya ce mamaki kike yi 'yar ɗan'uwana? Manzon Allah (SAW) ya ce ita ba najasa bace, tana daga cikin masu kewayawa a tsakaninku. Ku duba fa, sahabi ne babba ya tsaya da alwalarsa yana jiran mage ta gama sha. Sannan ga hadisin Bukhari da Muslim na matar da ta shiga wuta saboda mage, ta ɗaure ta bata bata abinci ba kuma bata sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba har ta mutu. Abu Huraira kuwa kowa ya san 'yar magen da yake ɗauka ce ta jawo masa laƙabin.

Maman Ilham:
Allah ya gafarta Malam, labarin Mu'izza fa? wai magen Annabi (SAW) da ta yi barci a kan hannun rigarsa ya yanke hannun rigar don kar ya tashe ta, ina yawan ganinsa a Facebook

Alaramma na Damagaram:
Hajiya wannan bashi da isnadi a littattafan hadisi, kar a jingina masa abin da bai tabbata ba. Wanda ya inganta ya ishe mu.

Bakatsine:
To Malam duk mun ji amma maganar baƙar mage fa gaskiya ce ba camfi bane kawai. A unguwarmu akwai wadda take zuwa bayan ɗakin wata tsohuwa tana kuka kamar jariri tsakar dare, ba'a yi wata ba tsohuwar ta kwanta. Kuma ai malamai sun ce aljanu na rikiɗa su zama baƙar mage, ko ƙarya ne?

Alaramma na Damagaram:
Ɗana, wasu malamai sun ambaci cewa aljani na iya zuwa a siffar dabbobi har da baƙar mage, wannan yana cikin littattafai. Amma babu wanda ya ce duk baƙar mage aljani ce, kuma babu wanda ya baka izinin ka jefe ta ko ka watsa mata ruwan zafi akan zato. In ka ji tsoro ka yi bisimilla ka karanta Ayatul Kursiyyu ka rufe ƙofarka. Ciwo da ajali na Allah ne, tsohuwa zata kwanta ko mage ta yi kuka ko bata yi ba. Ni na ga yara sun ɗaure wa 'yar mage igiya a wuya suna ja a kwararo manya na zaune a dakali babu wanda ya tsawatar, don kawai baƙa ce. Wannan shine abin tsoro, ba kukanta ba.

Likitan Dabbobi:
Bari in sa baki akan kukan nan. Wannan kuka mai kama da na jariri kukan neman barbara ne, macen ce ke kiran muzuru, ko kuma muzurai biyu na faɗa akan wuri, kuma da dare suka fi yi shi yasa kake jinsa tsakar dare. Fara na yi, ja na yi, baƙa na yi, sai dai baƙar ba'a ganinta a duhu sai idanun, idon kuma akwai wani shimfiɗi a bayansa da ke mayar da haske shi yasa yake ƙyalli in ka haska tocila, haka na kare da na akuya ma suke yi. Wani abin sha'awa kuma, manyan maguna basu cika yi wa junansu miyau ba, mutum suke yi wa. Kukan da ɗa ke yi wa uwarsa ne suka riƙe suka juyo da shi kanmu saboda sun ga yana aiki.

Malamin Tarihi:
Wannan tsoron ba mu kaɗai bane ma, Turawa sun yi wanda ya fi namu muni. A 1233 Fafaroma Giregori na 9 ya fitar da wata takarda akan wasu mutane a Jamus da aka zarga da bautar shaiɗan, a ciki aka ce baƙar mage na fitowa a taronsu. Daga baya zamanin farautar mayu duk tsohuwar da ke zaune ita kaɗai da magenta tana cikin haɗari. A garin Ypres na Beljiyam daga saman hasumiya suke jefo maguna masu rai a ranar biki, sai 1817 aka yi na ƙarshe, yanzu na tsumma suke jefowa.

A daidai wannan ƙarnin na 13 kuma a Alƙahira, Sarki Zahir Baibars wanda ya yi mulki 1260 zuwa 1277 waƙafin lambu ya yi don a ciyar da magunan da basu da masu su. Ɗaruruwan shekaru bayansa wani Bature Edward Lane da ya zauna a Alƙahira a shekarun 1830 ya tarar har lokacin ana zuba musu abinci kullum da la'asar a harabar kotun alƙalin alƙalai. Kun ga zamani ɗaya, dabba ɗaya.

Ɗan Fagge:
Malam na taɓa ganin wani bidiyo wai kashe magunan da Turawa suka yi ne ya jawo musu annobar da ta kashe su da yawa saboda ɓeraye sun yi yawa, gaskiya ne?

Malamin Tarihi:
Labari ne mai daɗin faɗa amma baya tsayuwa. Annobar 1347 zuwa 1351 ta ci Masar da Sham ƙwarai da gaske alhali can maguna na cike da gari ana ciyar dasu, kuma mage kanta tana kamuwa da cutar. Babu kuma shaidar cewa an ƙarar da magunan Turai, masu jiragen ruwa da masu ma'ajiyar hatsi basu taɓa rabuwa dasu ba. Jirgin ruwa ma shine ya yaɗa ta, wani bincike na 2017 akan tsofaffin ƙasusuwan maguna sama da 200 ya samu jinin magen Masar har a Ralswiek, wata tsohuwar tashar jiragen ruwa a arewacin Jamus. Sojan ruwan Birtaniya sai 1975 suka daina ɗaukar mage a jirgi. Abu ɗaya da zan ƙara, a Sin ma an samu ƙasusuwan maguna a wani ƙauyen manoman wani irin gero nasu, Quanhucun, shekara 5,300 baya, da aka duba sai aka ga wani jinsin magen daji ne daban na can. Wato a can ma da aka kafa rumbu abin da ya faru a Gabas ta Tsakiya sai ya sake faruwa.

Manomi daga Giwa:
Wannan magana taku ta rumbu ni a aikace na santa. Shekarar da magenmu ta mutu buhunan masara da na jera a ɗaki sai da ɓera ya huda kusan kowanne ta ƙasa, kana ɗagawa tana zuba ga kashinsa ga warin fitsari, har waken da na ajiye na iri bai bari ba. Da na samo wata wurin maƙwabci ko kamun kirki bata fara ba suka ragu, warinta kawai ya ishe su. Mage mai kwanciyar ɗaukar rai kenan, sai ka ganta a bakin ƙofar ɗakin kamar barci take kunne ɗaya na motsi. Gafiya ce dai sai babban muzuru.

Mai Tantabaru:
Kuna ta yabo babu wanda ya faɗi ɓarnarta. Ni muzuru ya shiga ɗakin tantabaruna dare ɗaya ya kashe wanda ya kashe ya tafi da wanda ya tafi dashi, harda masu kwanci. 'Yan tsaki kuwa matata ta daina ƙirgawa. Ba banza Hausawa suka ce zakaran da Allah ya nufa da cara ko ana muzuru ana shaho sai ya yi ba, sun san muzuru maƙiyin kaji ne tun fil azal. Ni gsky na kusa sa masa shinkafar ɓera a kifi.

Likitan Dabbobi:
Alhaji don Allah kar ka yi. Ɓarnar gaskiya ce ban musa ba, a Ostireliya da tsibirai da yawa magunan da aka kai sun ƙarar da jinsunan tsuntsaye da ƙananan dabbobi, farauta a jininta take ko ta ƙoshi. Amma guba ba muzurun kaɗai zata kashe ba, kajinka zasu tsattsaga, kare zai ci, yaro mai rarrafe zai iya ɗauka. Ragar waya mai ƙananan ido zaka sa a duk kafar da kan mage zai shiga, ka ɗaga ɗakin sama da ƙasa, ka rufe kafin magariba. 'Yan tsaki kuma a kife su da kwando ko a sa su a akurki mai ƙofa da dare. Mafi yawan magunan da ake kawo min suna kakkafewa ɓeran da ya ci guba suka ci.

Sannan ku tuna da zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi a abinci. Cikin shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya akwai rufe hatsi a mazubi mai murfi, nisanta shara da gida, da ajiye mage.

Amarya Maraɗi:
Dakta ina da tambaya, ina da ciki wata huɗu uwar mijina tace lallai a fitar da magen gidan wai gashinta na ɓarar da ciki ko ya hana haihuwa, ni kuma tun tana ƙarama na raine ta bana so a yar da ita

Likitan Dabbobi:
Ƙanwata gashin baya hana haihuwa, sai dai mai asma ko wanda jikinsa baya so zai iya yin atishawa da tari. Amma maganar Mama tana da tushe ta wani gefen, akwai ƙwayar cuta da ake kira tokzofilasma da ke fita a kashin mage kuma tana iya cutar da ɗan tayi in mace ta fara kamuwa da ita tana da ciki. Ƙwayar sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar take zama mai kamawa, don haka a riƙa kwashewa kullum kuma ba ke zaki kwashe ba, ki bar wa maigida ko wani. Ki wanke hannu bayan kin taɓa ƙasa, ki wanke latas da kabeji da kyau, nama kuma ya dahu sosai don ta nan ma ana kamuwa, tsiren da cikinsa ja ne ki haƙura dashi yanzu. Ki faɗa musu a wurin awo. Ki yi wa Mama bayanin nan cikin ladabi, in ta ga ba ke ke taɓa kashin ba hankalinta zai kwanta.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya Malam Alaramma, yanzu naga ana tallan maguna masu gashin nan a Instagram da kuɗi masu yawa, ya halatta a sayar?

Alaramma na Damagaram:
Akwai saɓani. A Sahihu Muslim an tambayi Jabir game da kuɗin kare da na mage ya ce Annabi (SAW) ya tsawatar akan haka, shi yasa Ibn Hazm da wasu suka hana. Mafi yawan malamai sun halatta sayar da ta gida mai amfani, suka ɗauki hanin a matsayin abin da ba'a so, don mutane su saba bayar da ita kyauta. Ni abin da nafi natsuwa dashi a bayar kyauta kamar yadda iyayenmu ke yi, mage ta haihu maƙwabta su zo su zaɓa. Wanda kuma ya saya ya kulle a ɗaki to ya sani ci da shanta da maganinta sun hau wuyansa tunda ya hana ta nema.

Malamin Tarihi:
Ita wannan harkar ta jinsi-jinsi ma sabuwa ce, gasar nuna maguna ta farko mai girma a Landan aka yi ta a 1871, kuma yawancin jinsunan da ake talla yanzu bayan nan aka fitar dasu. Zaman mage a ɗaki dare da rana bai yi sauƙi ba sai da wani Ba'amurke Ed Lowe ya fara sayar da ƙasar da take kashi a ciki a 1947. Kafin nan dubban shekaru tana shiga tana fita ne yadda tamu ke yi.

Maman Ilham:
To ni dai tawa ta haihu guda huɗu a bayan buhun gawayi, biyu masu zane ɗaya fara ɗaya baƙa wuluk, yau satinsu uku sun buɗe ido suna ta tangaɗi. Duk mai so a cikin Kano ya min magana ta inbos kyauta ne. Dakta yaushe ya kamata a raba su da uwar?

Likitan Dabbobi:
Hajiya ki bari su kai sati takwas aƙalla, in da hali ma sha biyu. Kar a basu madarar gari ko ta shanu da yawa tana sa su zawo, kar a basu abin da ke da albasa, kuma ko kusa kar a basu farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe mage. In sun kai wata uku a kai su asibitin dabbobi a yi musu allurar ciwon haukan kare, mage ma na ɗauka. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke da sabulu da ruwa na minti 15 ya tafi asibiti.

Manomi daga Giwa:
Hajiya a ajiye min baƙar, ƙanina na shigowa Dawanau da kaya duk sati, in lokacin yayi zan turo shi da kwando ya karɓo min.